Shekarar da Ƙirjina Ya Yi Mini Ƙarya a Cikin Rijiya

Rijiyar farko da aka bar ni na shiga ni kaɗai tana wani ƙauye yamma da Roni, a gidan wani mai saƙar tabarma. Kafin ranar na daɗe a bakin rami ina jan guga ina zubar da ƙasa, don Baba Nomau, wanda ya koya mini sana'ar, ba ya barin mutum ya sauka sai ya iya zaman sama. Da ya gama ɗaura mini igiya a ƙugu, bai yi mini maganar dagi ko diga ba. Tafin hannunsa ya ɗora a ƙirjina ya ce, "Iro, babban kayan aikinka yana nan. In ya fara gudu alhali ba ka yi aikin da zai sa shi gudu ba, kada ka tsaya tunani. Girgiza igiya a fito da kai."

Ku samarin yanzu da kuke cewa haƙar rijiya ai rami ne kawai, duk mai ƙwanji zai iya, ina jin ku kuma ba na jin haushi. Ƙwanji ya fi komai arha a wannan sana'a. Abin da yake kashe mai haƙa ba taurin ƙasa ba ne, iska ce. Akwai rijiyar da za ka leƙa ka ga komai lafiya lau, amma iskar da ta kwanta a gindinta ba ta riƙe rai. Ba ta da launi, sau da yawa ba ta da wari. Shi ya sa kafin kowa ya sauka muke zura fitilar ƙwai a kunne. In harshen wutar ya tsaya cak, bismilla. In ya yi ƙasa-ƙasa ko ya mutu, sai mu ɗaure rassan darbejiya a igiya mu yi ta sama da ƙasa da su har iskar ta canza. Amma fitila a farkon aiki take magana. Bayan ka sauka ka fara sara, babu mai faɗa maka halin da kake ciki sai jikinka: kai ya yi nauyi, zuciya ta ɗauki gudu.

Ƙasar ma kowace da halinta. A wajen Babura rairayi ne, ga daɗin sara ga cin amana, in ba ka bi shi da zoben siminti ba zai rufto maka a ka. A Kazaure da Roni kuwa da ka wuce jar ƙasa da marmara sai dutse ya tare ka. Na tuna wata rijiya a bayan gari, kusa da duwatsu, inda muka tarar da fa shimfiɗe kamar daɓe. Muka hura masa wuta da itace da tsofaffin tayoyi, da ya yi ja muka kwara masa ruwa ya tsattsage, sannan na bi shi da guduma. Irin wannan rijiyar ba a shigarta da gaggawa bayan wuta, ko da mai gida yana tsaye a kanka yana duba rana. Na ga wanda ya yi gaggawar, kuma ni na wanke gawarsa.

Abokin aikina tun rasuwar Baba Nomau shi ne Sale, mutumin Gwiwa, sa'ana ne. Shi ne mai riƙon igiya. Kada ku raina wannan matsayi. Wanda yake ƙasa ya ba na sama ajiyar ransa ne, kuma ƙa'idarmu ita ce mai igiya ba ya saki, ba ya juya baya, ko sallama aka yi masa yana amsawa ne idonsa na cikin rami. Sale ba ya son shiga rijiya, gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwasa sosai, amma hannunsa yana gane nauyina a igiya kamar yadda uwa take gane kukan ɗanta.

Muguwar shekarata ta fara ne a Gwiwa, a rijiyar wasu makiyaya. Mun yi nisa, ƙasa ta fara danshi, ina ta murna mun kusa idon ruwa. Ina tsugune ina cika guga, ban ma ɗaga diga ba, sai zuciyata ta zabura lokaci guda. Ba a hankali ta hau ba. Tana tafiyarta ta kullum, sai kawai ta koma bugawa da sauri har ina jin ta a wuyana. Na girgiza igiya, Sale ya fito da ni. Ina zaune a inuwa sai ta tsaya kamar yadda ta fara, lokaci guda.

Sale ya ce, "Iska ce."

Na ce, "Iska ce mana. Me zai zama in ba ita ba?"

Muka zura fitila, ta ci lafiya. Muka yi fifita da darbejiya duk da haka. Washegari abin ya sake faruwa. Sai muka yanke cewa ƙasar wurin ce take fitar da iska in an sare ta, muka ce wa makiyayan nan rijiyarsu ba ta shiguwa. Suka yi haƙuri suka koma shayarwa a nesa. Bayan ita mun bar wata a Yankwashi a kan wannan dalili. Likita ko malamin makaranta da ya ji zuciyarsa tana haka, ciwo zai fara kawowa a ransa. Mai haƙar rijiya kuwa rijiyar zai zarga, don haka aka koya masa, kuma koyarwar ba kuskure ba ce.

Abin da ya tona asirin ciwon shi ne ranar da ya zo mini a teburin mai shayi a Babura, ranar kasuwa, ga sararin Allah, ga iska tana kaɗa rumfa. Na ajiye kofi na dafe ƙirji. Sale ya dube ni, ya dubi ƙasa kamar mai neman rijiya a ƙarƙashin benci, ya ce, "To, yau kuma wace iskar?" Ya ɗora ni a babur sai asibiti. Allah ya taimaka muka isa kafin ta lafa, suka manna mini wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana bugun a takarda. Ma'aikacin ya ce sa'a muka yi, don irin wannan in ta lafa awo ba ya nuna komai. Daga nan aka tura ni wurin likitan zuciya a Kano.

Likitan ba tsoho ba ne, amma yana da haƙurin tsofaffi. Ya ce, "Baba, zuciyarka ba ta lalace ba. Akwai wata 'yar wuta da take bi ta cikinta tana sa ta bugawa, kuma hanya ɗaya ya kamata ta bi. Kai taka tana da ɓarauniyar hanya a gefe, da ita aka haife ka. Wani lokaci wutar sai ta faɗa can ta yi ta zagaye, shi ne gudun da kake ji." Ya ce irin nawa ba kasafai yake kisa ba, amma yana iya sa jiri, wani lokaci har mutum ya faɗi. Ya koya mini dabarar da zan yi in ta taso: in kwanta in hura bakin sirinji da ƙarfi, ko in tsoma fuska a ruwan sanyi. Na ce, "Ranka ya daɗe, a gindin rijiya ina wurin kwanciya?" Ya yi dariya, sannan ya daina dariyar ya tambaye ni zurfin da nake shiga.

Hanya biyu ya shimfiɗa mini. Ta farko ƙwaya, kullum, ba ranar dainawa. Ba ta toshe ɓarauniyar hanyar, tana dai rage wa zuciya gudu don abin ya rage zuwa. Ta biyu aiki ne da ba a yanka ƙirji: ana zura siririyar waya ta jijiyar jini a saman cinya har ta kai zuciya, a nemo hanyar nan a ƙone ɗan wurin. Ya ce yawancin waɗanda aka yi wa suna rabuwa da ciwon, wasu kaɗan yana dawo musu a sake. Bai ɓoye mini haɗarin ba. Wurin da ake ƙonawa yana kusa da hanyar gaskiya, in aka taɓa ta, wanda ba kasafai yake faruwa ba, sai an sa wa mutum ƙaramar na'ura mai batir a ƙarƙashin fata har ƙarshen ransa. Kuma ba a kowane gari ake yin aikin ba, sai an yi tafiya, kuɗinsa ma ba na mai haƙar rijiya ba ne.

Ban ɓata masa lokaci ba, na ce ƙwaya. Wa zai yarda a kai masa wuta cikin zuciya alhali ga abin haɗiya da ruwa?

Ƙwayar ta yi aikinta, ba zan yi mata ƙazafi ba. Gudun ya rage zuwa ƙwarai. A layin asibiti na saba da wani tela mutumin Ɗambatta, mai irin ciwona, wanda ya daɗe a kan ƙwaya yana ɗinkinsa hankali kwance. Ya ce mini, "Malam Iro, ni ko kyauta aka ce za a zura mini wayar nan, na gode." Gaskiyarsa. Shi in ta taso masa, ɗaga ƙafa zai yi daga keke ya jingina da bango. Ni kuwa ƙwayar ta zo mini da abu biyu. In na tashi daga tsugune sai duniya ta juya, kuma aikinmu rabinsa tsugune ne. Na biyun ya fi damuna. Wata rana na ɗauki buhun siminti daga bakin titi zuwa cikin gida, na ajiye ina haki, na dafa ƙirji na ji zuciyar tana tafiya a hankali kamar ba ita ta yi aikin ba. Na koma na tambayi likita ko za ta yi gudu in na shiga muguwar iska. Ya ce ba zai iya ba ni tabbaci ba, ƙwayar an yi ta ne don ta hana gudu, ba ta tambayar dalili. Ya ƙara da cewa ko ba don haka ba, shi bai yarda in sauka rijiya ba muddin ciwon yana iya tasowa.

Kun ga inda na tsaya. Ba ƙwaya, ƙirjina yana ihu ba gaira ba dalili. Da ƙwaya, yana iya yin shiru ranar da ya kamata ya yi ihu. Ko ta ina, ba ni da abin sauka da shi.

Sai muka yi musaya, Sale ya koma ƙasa da gwiwarsa, ni na koma igiya. Aiki ya ragu, don mutane sun ji labari, kuma masu burtsatse sun fara shigowa ƙauyuka da motocinsu. Muka koma yasar tsofaffin rijiyoyi, kwashe taɓo da gugan da ya tsinke da takalman yara. A wata irin wannan, a cikin garin Kazaure, ina cikin jawo Sale, ya zo kusan rabi, zuciyar ta zabura duk da na sha ƙwayata da asuba. Idona ya fara duhu daga gefe. Allah ya ba ni ikon naɗe igiyar a jikin gungumen da muka gitta a baki, na zauna a kanta. Sale yana reto a tsakiya yana kira, "Iro, lafiya? Iro?" Ban iya amsawa ba sai da ta sake ni. Da ya fito ya tattara kayan aiki ya ɗaure a babur. Na ji tsoro ranar, tsoron da ban taɓa ji a ƙasa ba, don wannan karon ran da yake igiya ba nawa ba ne.

Uwargidana Hajara ba ta goyi bayan aikin ba. Ta ce, "Malam, ka bar rijiyar mana. Ka sha ƙwayarka, ka kama sayar da igiya da guga a kasuwa. Wa ya ce sai a rami za ka ci abinci?" Maganarta ba ta wauta ba ce, na daɗe ina juya ta. Da shekaruna sun fi haka, ko da ina da wata sana'ar a hannu, da ita na bi, kuma da ban yi asara ba. Amma ni na san kaina. Zan zauna a rumfa in ga wani ya zo sayen igiya marar kyau don ya shiga rijiya da ita, in bi shi har gida.

Na koma wurin likita na ce na canza shawara. Bai ce ai da ma na faɗa maka ba. Ya sake karanta mini haɗarin daga farko, har ya sa na maimaita masa da bakina. Ya ce, "Tela da mai haƙar rijiya ciwonsu ɗaya, amma ba dole maganinsu ya zama ɗaya ba." Shi ya haɗa ni da wasu likitoci da suke zuwa wani asibiti a Abuja lokaci-lokaci suna yin aikin da rangwame. Sauran kuɗin kuwa gonata ta gado na sayar na cike.

Aikin kansa bai kai fargabarsa ba. Ban yi barci ba, allura suka yi mini a cinya wurin ya mutu, suka ba ni abin da ya sa jikina ya saki. Abin da ya ba ni mamaki shi ne da gangan suke tayar da gudun, don su ga ta inda yake bi. Ina kwance na ji ta zabura, irin zaburar Gwiwa sak, hannuna ya tafi neman igiya a ƙugu. Wata ma'aikaciya ta riƙe hannun ta ce, "Baba, mu muka kira ta." Can na ji ɗumi a ƙirji. Suka yi ta ƙoƙarin tayar da ita bayan nan, ta ƙi. Na kwana ɗaya aka sallame ni, da sharaɗin kada in ɗauki nauyi sai cinyar ta warke. Da na koma Kano aka sake awo, likita ya janye ƙwayar, daga baya ya ce in koma aiki a hankali.

Rijiyar da na fara shiga bayan nan ta wani mai lambu ce a fadama, Alhaji Bala, yana so a ƙara mata zurfi kafin tumatirinsa ya bushe. Muka iso da hantsi muka tarar an riga an zuƙe ruwan, sai taɓo. Muka zura fitila, harshenta ya tsaya kyam. Na sauka, warin taɓo ya cika ko'ina, na fara sara. Ban daɗe ba na ji kaina yana sarawa ta goshi, zuciya kuma tana hawa. Na ajiye diga na jingina da bango don ta sauka, kamar yadda zuciyar mai aiki take yi in ya huta. Ba ta sauka ba, ƙaruwa take yi kaɗan-kaɗan. Na girgiza igiya.

Da na fito na zauna, Alhaji Bala ya dube ni da tausayi, ya ce, "Malam Iro, ashe ciwon bai tafi ba. Allah ya sawwaƙe. Da ka faɗa mini da na nemi wasu."

Sale ma haka ya ɗauka, na gani a fuskarsa, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya kwance igiyar daga ƙuguna ya ɗaura a nasa, ya ce yaran lambu za su riƙe masa. "Zauna ka huta. Fitila ta ci, ka gani da idonka. Ni zan ƙarasa."

Na ce, "Ba za ka shiga ba."

"Iro, mun bar rijiya biyu a kan wannan maganar."

"Na sani. Waccan lokaci guda take zuwa, kuma ba ta zuwa da ciwon kai. Wannan hawa ta yi. Iska ce."

Gaskiya ni ma ban da tabbas. Ina faɗa ina jin rabin raina yana cewa wataƙila gonar ta tafi a banza, wataƙila ina cikin 'yan kaɗan ɗin nan da abin yake dawo musu. Amma na riga na biya don in yarda da ƙirjin nan, in ban yarda da shi ranar ba, ban san ranar da zan yarda ba. Na roƙi Alhaji ya ara mini kaza ɗaya daga cikin masu kiwo a bakin lambu. Ya yi murmushin da ake yi wa marar lafiya, ya ce a kamo. Muka sa ta a kwando muka rufe da tsumma, muka zura har ƙasa. Sale yana tsaye da igiya a ƙugu, yana kallon rana, yana cewa ana ɓata lokaci.

Muka ba ta kamar tsawon shan shayi, sannan na jawo kwandon. Kazar tana kwance a gefe, wuya ya saki, ido a rufe. Sai a lokacin ɗaya daga cikin masu aikin lambun ya ce ai da safe tiyon injin ban ruwa bai kai ƙasa ba, shi ne suka ɗaure injin da igiya suka zura shi ciki, ya yi ta aiki a can har ruwan ya ƙare. Hayaƙin fetur ya kwanta a gindin rijiyar. Irinsa ba ya kashe fitila, mutum yake kashewa.

Alhaji Bala ya cire hula ya riƙe a hannu, yana ta salati a hankali. Sale ya daɗe yana kallon kazar. Sannan ya sunkuya zai kwance igiyar daga ƙugunsa, ƙullin da shi da kansa ya ɗaura, wanda yake kwancewa ko ido a rufe. Yatsunsa suka ƙi kama shi. Ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya saki hannu ya ce, "Iro, zo ka cire mini wannan abin."

Na tashi na kwance masa.